Kunun Kogon Kuka

Shekara talatin da ɗoriya na zauna gida ɗaya da uwar mijina a unguwar Nuzla ta birnin Jidda, kuma ban taɓa ganin ta mayar da kwano da saura ba. Za ta cinye tas, ta suɗe yatsu, sannan ta ce gishiri ya yi yawa. Haka muka rayu. Ni ba na haɗiye magana, ita kuma ba ta barin tata ta kwana. Maƙwabta sun saba da muryoyinmu, har in suka ji shiru sai su leƙo su tambaya ko lafiya.

Inna nake ce mata, kamar yadda 'ya'yanta suke faɗa. Da ƙafa ta zo ƙasar nan tana ƙaramar yarinya, ita da iyayenta. Suka ratsa Chadi da Sudan, suna yada zango suna noman ƙodago, har suka tsallako ruwa. Ba ta sake ganin gida ba. Ni kuwa jirgi ne ya ɗauko ni daga Katsina da aurena, abin da ba ta taɓa yafe mini ba. "'Yar jirgi," take ce mini. "Ke da ƙafarki ba ta san ƙaya ba."

Wata safiya ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu. Aka kwantar da ita a asibiti, aka yi aiki, aka sallamo ta. Ƙashi ya kama, amma Inna ta daina cin abinci. Na yi tuwo da miyar kuka, ta juya fuska ga bango. Na je har Ammariyya wajen matan Nijar na sayo fura, ta ce warin roba take yi. Na kawo mata sobiyar da nake yi da hannuna, wannan abin sha na sha'ir da mutanen Jidda suke yi wa layi da azumi, ko kallon kofin ba ta yi ba. Ni fa sana'ata ke nan, kunu da sobiya, fiye da shekara ashirin, kuma ba a taɓa dawo mini da su ba.

Da muka koma wajen likita ya ɗora ta a sikeli, ya girgiza kai. Ya ba mu mako biyu. Ya ce in ba ta fara ci ba, dole a sake kwantar da ita a zura mata roba ta hanci. A mota muna dawowa ta ce da ɗanta, maigidana, "Duk wanda ya sa hannu aka zura mini roba a hanci, ban yafe masa ba duniya da lahira." Shi mutum ne mai sanyi. Ya dube ni ta madubi, na gane cewa ya sauke kayan a kaina.

Kwana biyu bayan nan, ina goge mata jiki da tsumma da hantsi, sai ta ce, kamar da bango take magana, "Da zan samu kunun kogon kuka, da na sha."

Na san sunan. Tatsuniya ce da ta yi ta yi wa 'ya'yana suna ƙanana. Wai akwai wata tsohuwa mai haƙori ɗaya a cikin kogon wata kuka, can inda hanya ta rabu da gari ta nufi gabas. Matafiyin da ƙafarsa ta mutu, sai ta miƙo masa ƙoƙon wani jan kunu da yake tafasa ba tare da wuta ba. Wanda ya sha ƙoƙo ɗaya zai yi tafiyar kwana arba'in bai gaji ba, kura ta tare shi ya yi mata dariya. Wanda ya yi kwaɗayi ya sha na biyu kuwa sai ya manta inda za shi, ya zauna a gindin kukar har ya zama saiwa. Yarana suna son wajen zama saiwar nan, su yi ta sandarewa a tabarma.

Na ce, "Inna, ai wannan tatsuniya ce."

"Tatsuniyar gidanku. Kakata tana yin sa. Da idona na gan shi yana tafasa ba wuta."

"To yaya ake yi?"

"Ke za ki iya? Ke da sai kunun sayarwa, ruwa da sukari."

"In ba ki faɗa ba ai roba tana nan tana jiran hancinki."

Ta harare ni, harara ta farko mai ƙarfi tun da ta faɗi. Na ji daɗin hararar nan har cikin raina. Na tashi na ɗauko littafina da biro.

Dole in tsaya nan in faɗi wani abu a kaina. Ban riƙe alƙalami ba sai da na yi jika biyu. Ajin manyan mata na shiga a unguwa, na zauna da gwiwoyina masu ciwo ina jan baƙi kamar mai jan jaki. Wata maƙwabciya 'yar Maraɗi ta ƙara mini da boko don in rubuta Hausa. A lokacin da nake wannan magana, duka-duka shekarata uku da iya haɗa jimla. Wanda ya koyi rubutu da tsufa yana da wata cuta da ba a faɗa: yana girmama takarda fiye da kansa. Duk abin da ya hau layi, gani yake ya fi abin da ke cikin kansa gaskiya, ko da shi ya rubuta da hannunsa jiya.

"Rubuta, malama," in ji Inna. "An tsufa an koma 'yar makaranta."

Na rubuta. Jar dawa, ba fara ba. A jiƙa ta kwana biyu ana sauya ruwa. A shimfiɗa ta a duhu, a rufa da jiƙaƙƙen buhu har ta fito da gemu. A shanya, a niƙa. A ɗebi tafi biyu na garin a ajiye gefe. A dama sauran a dafa, a tace, a bar ruwan ya kwana ya yi tsami, a sake dafa shi har ya yi ja. In ya huce a zuba garin da aka ajiye, a juye a tulu, a ɗaure baki da ƙyalle. Kwana uku ba a buɗewa.

"Kuma ƙoƙon farko ba a sha," ta ce. "A bakin ƙofa ake zubarwa, na masu ƙasa ne."

Hannuna ya tsaya. A Katsina na tashi, na san su waye suke zuba wa ƙasa ƙoƙon farko. Ina yarinya na ga Maguzawa suna shigowa kasuwa, na kuma ji abin da ake cewa matansu suna dafawa. Amma labarin da ake bayarwa a gidan mijina shi ne kakan Inna babban malami ne mai almajirai, kuma ba a tambayar suruka asalinta. Na sunkuyar da kai na rubuta wannan layin ma, na ja masa layi a ƙasa kamar yadda malamarmu take so.

Jar dawa sai wajen wani Bayamane mai sayar da hatsi da abincin tsuntsaye. Yana auna mini yana tambaya, "Tattabaru nawa gare ki, hajja?"

"Ɗaya ce. Tsohuwa ce, ta ƙi cin komai."

"Allah ya ba ta lafiya. Ki haɗa mata da gero."

A saman bene na yi aikin, a lungun tankin ruwa inda rana ba ta kaiwa. Iskar Jidda jiƙaƙƙiya ce, ko tufa ka shanya sai ta yi gardama kafin ta bushe. Dawa ta samu abin da take so, kwana biyu ta fito da farin gemu. Na yi faɗa da tattabarun unguwa, na yi da maguna, na kifa kwando na danne da bulo.

Abin da ya rufe mini ido shi ne Inna ta fara farfaɗowa. Kowace safiya sai ta ce a kawo mata ta gani. Ranar da na kai mata tsiron a faranti, ta sa aka jingina ta da matashi, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta tauna da sauran haƙoranta. "Zaƙi ya shiga," ta ce. "Gobe ki shanya." Ƙwaya ɗaya ce, amma ita ce abu na farko da ta tauna da son ranta. Na miƙa mata dabino a kan dabara, ta tsotsi rabi ba ta lura ba, tana can tana zagin injin da zan niƙa da shi. Wai dutse ya kamata. Na ce in ta san inda ake sayar da dutsen niƙa a Nuzla ta tashi ta raka ni.

Na dafa, na tace, na bar shi ya kwana. Na sake dafawa har ya yi ja kamar ƙasar rami. Na zuba garin, na juye a tulun da muke sanyaya ruwa, na ɗaure baki, na ajiye bayan ƙofar madafi.

Yanzu zan faɗi gaskiya, tunda don ita na ɗauki biro. Duk mai yin sobiya ta san doka: abin da aka jiƙa da hatsi da zaƙi, in ya wuce lokacinsa a zafin garin nan, ba a sayarwa, ba a bayarwa sadaka, zubarwa ake yi. Ni da kaina na sha koya wa sababbin masu sana'a haka. Hancina ya sani, hannuna ya sani. A rana ta biyu na ji tulun yana raɗa, sss, kamar maciji a ciyawa, wani wari mai kaifi yana fitowa ta ƙyallen. Na tsaya a kansa. Maimakon in buɗe, sai na je na buɗe littafi. Littafi ya ce kwana uku ba a buɗewa. Na rufe littafi, na kunna turaren wuta, na ci gaba da shara.

A rana ta uku da hantsi sai ga autar Inna ta zo daga unguwar Madain Fahd. A nan aka haife ta, Hausarta rabi Larabci ce. Tun daga matattakala na ji tana atishawa. Ko mayafi ba ta cire ba ta faɗo madafi.

"Matar Yaya, esh hada? Me ya mutu a gidan nan?"

"Kunun Inna ne. Kada ki taɓa, sai la'asar zai cika."

Auta ba ta jin kada. Ta kwance ƙyallen. Kumfa ta taso har wuyan tulu, ƙasa kuma abin yana motsi, yana tsartuwa, yana tafasa ba wuta, daidai yadda tatsuniya ta faɗa. Warin ya buge mu mu biyu.

"La haula! Giya ce! Wallahi giya ce!" Ta rufe taga da sauri, ta rage murya. "Kin haukace? A gidan haya, mutane sama da ƙasa? Mutum ɗaya ya ɗaga waya, halas, ke da iƙamarki ta zaman ƙasar nan sai jirgi. Yaya kuma ina zai sa fuskarsa a masallaci?"

"Ba giya ba ce. Ga shi a rubuce." Na buɗe littafin ina nuna mata da yatsa.

Ta dubi shafin, ta dube ni. "Rubuce? Wa ya rubuta? Ba ke ba ce?"

Na tsaya da littafi a hannu kamar wadda aka kama da kayan sata. Ban taɓa ɗanɗana giya ba, amma na san warin sobiyar da ta lalace, wannan kuwa uwarta ce.

Sai muryar Inna daga ɗaki, da ƙarfin da na manta tana da shi: "'Yar jirgi! Na ji shi. Kawo."

"Yalla, a masai, yanzu," in ji Auta cikin raɗa. "Ki ce mata ya lalace. Ki ce mage ta faɗa ciki."

Jibi ne ranar likita. Na tsaya ina kallon kumfar nan, kuma ba zan ɓoye abin da ya zo mini ba. Na ce a raina, ludayi ɗaya. Ta sha, cikinta ya buɗe, ta ci tuwo, a bar mata hancinta. Ba ta sani ba, zunubin nawa ne, ni kuma na saba ɗaukar kaya. Na kai hannu ga ludayin ma. Abin da ya tsayar da ni ba tsoron hukuma ba ne, ba kuma wani tsoron Allah na musamman ba, kada in yi wa kaina ado. Na tuna matar nan a kwance da karyayyen ƙugu tana buga hannu a bango tana taimama, ba ta yarda salla ɗaya ta wuce ta ba. In na ba ta a ɓoye, na sace mata abin da ta shekara tamanin tana tsarewa. In kuma na ce mage ta faɗa, na yi mata ƙarya, ni da na shekara talatin ina gaya mata gaskiya ko da ƙarya ce za ta kawo zaman lafiya.

Na ɗebo a ƙoƙo. Auta ta riƙe mini hannu, na fizge.

Na durƙusa a gaban gadon na ce, "Inna, ga shi na yi yadda kika ce. Amma giya ce. Kakarki giya take dafawa."

Na ji Auta ta ja numfashi a bakin ƙofa. Na jira zagi, na shirya masa.

Inna ta miƙo hannu biyu ta karɓi ƙoƙon. Na tallafa mata ta ƙasa. Ta kai shi kusa da fuska, ta rufe ido, ta shaƙa. Ta daɗe a haka. Kumfa tana fashewa a hankali, ƙamshin turaren da na kunna yana kokawa da warin.

"Shi ne," ta ce. "Haka ɗakinta yake."

"Inna, me kike cewa?" in ji Auta.

"Shigo ki zauna, ke ma ki ji, tunda kin iya buɗe tulun mutane."

Ba ta yi dogon labari ba. Kakarta ba ta salla. Mahaifinta ne ya musulunta yana saurayi, aka yi ta yi masa gori ta ko'ina: a gida a ce ya watsar da iyaye, a gari a ce ɗan masu giya. Shi ya sa ya kwashi matarsa da 'yarsa ya yi gabas, ya kuma hana a ambaci tsohuwar. Ranar da za su tafi, kakar ta biyo su har gindin kukar da ke bakin ƙauye da ƙoƙo a hannu, wai ya sha don hanya. Ya ƙi ko kallonta. Sai ta tsoma yatsa ta ɗiga wa yarinyar a harshe. A hanya yarinya ta yi ta kukan kakarta, uban yana tsawa. Uwar ce ta mayar da tsohuwar cikin kogon kuka, ta mai da ita tatsuniya, don a riƙa ambatonta a gabansa ba a yi faɗa ba.

"Malamin da kuke ce mana fa?" in ji Auta, muryarta ƙasa-ƙasa.

"A Sudan babanmu ya haife shi, da bakinsa."

Ni kuwa haushi ne ya taso mini. Na ce, "Ashe kin san ko mene ne, kika bar ni ina hawa bene da gwiwoyin nan, ina faɗa da tattabaru?"

"Kin ɗauka ni yarinya ce? Na sani mana."

"To me ya sa ni?"

"Wa zan sa? Wannan?" Ta nuna Auta da haɓa. "Ke kaɗai ce mai taurin kan da za ki kai shi ƙarshe. Na ga ina tafiya, ba wanda ya san an yi ta a duniya sai ni. So nake in ji warin ɗakinta sau ɗaya."

Can na ce, "Za ki sha?"

"Ke mahaukaciya ce? Hajji nawa na yi? Ɗauke mini."

"A bakin ƙofa zan zuba na farkon?"

Ta yi ɗan tunani, har na ga kamar za ta ce e. Sai ta ce, "Masu ƙasar nan ba su san shi ba. Kai masai."

Muka kinkimi tulun ni da Auta muka juye, muka bi da ruwa da sabulu, muka ƙara garwashi a kasko. Auta tana wanke hannu tana hawaye, ban tambaye ta na mene ne ba. Ni lissafina ɗaya: kwana goma sun tafi a masai, jibi likita, kuma har yanzu ba abin da ya shiga cikin matar nan sai rabin dabino.

Na koma ɗakin na faɗa mata haka, ba sakaye.

"Garin tsiron ya ƙare?" ta tambaya.

"Akwai saura a kwano."

"To dama ki dafa, ki tace, ki kawo da ɗuminsa. Kada ya kwana. Shi ake ba yara, mai zaƙin, kafin a rufe na manya."

"Kuma ba ki faɗa ba tun farko?"

"Ba ki tambaya ba. Kina ta rubutu."

Ban buɗe littafi ba wannan karon. Na dama da hannuna, na bar shi a ɗumi har zaƙin tsiron ya fito, na dafa, na jefa 'yar citta da kanumfari don hancina ya ce a jefa. Kafin la'asar na kai mata a kofi. Ta kurɓa. Ta tsaya. Ta sake kurɓa. Ni da Auta muna tsaye kamar masu jiran hukuncin alƙali. Ta shanye, ta lashe leɓe, ta miƙo mini kofin.

"Citta ta yi yawa," ta ce.

Na fita madafi na zauna a kan buhun shinkafa, na yi kukan da ban yi ba ranar da ta faɗi.

Washegari ta sha kofi biyu, ta ci lomar tuwo uku. Da ranar ta zo, likita ya ɗora ta a sikeli, ya ce bai gamsu ba, amma a ƙara mata mako guda a gida. Ba a taɓa zura mata robar ba. Ta ga azumin shekarar, ta ga Babbar Salla, tana shan jan kunun nan kullum tana samo masa aibi, sannan ta rasu a gadonta wata ranar Laraba bayan azahar.

Auta ta ce in yage shafin, kada jikoki su gani. Har yau in ana hira tana cewa kakansu malami ne, ni kuma ba na tanka mata, uwarta ce ba tawa ba. Amma ban yage ba. Kafin Inna ta rasu ta faɗa mini sunan kakar tata, ta ce in sa a takarda tunda na iya. Na rubuta shi a ƙasan shafin, ƙarƙashin layin ƙoƙon farko. Baƙi huɗu ne kawai, kuma na yi su da kyau, ban goge ko ɗaya ba.